Yadda gishirin titi ke cin motocin da muke sayowa daga ƙasashen sanyi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar motocin hannu a Kwatano, Lome ko Duwala ya san yadda ake zaɓe: a duba fenti, a saurari ƙarar inji, a leƙa kilomita. Kaɗan ne ke durƙusawa su kalli ƙarƙashin motar. Alhali da yawa daga cikin motocin nan daga Kanada, arewacin Amurka da Turai suka fito, inda suka shafe shekaru suna taka gishiri duk lokacin hunturu.

A can, idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ruwan da ke kan kwalta yakan daskare ya zama ƙanƙara mai santsi, wadda Faransawa ke kira verglas. Wani lokaci ido ma ba ya ganinta, sai direba ya taka birki mota ta ci gaba da tafiya. A kan ƙanƙara, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya takan kai ninki 10 na wadda take buƙata a busasshen titi. Shi ya sa hukumomi ke fito da manyan motoci su watsa gishiri, irin dai wanda muke sa wa miya amma marar tacewa. Ruwan da gishiri ya narke a ciki ba ya saurin daskarewa, don haka ƙanƙarar sai ta saki. Kanada kaɗai na zuba kimanin tan miliyan 5 a kowace shekara.

Sai dai gishiri na da iyaka. Da zarar sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, ƙarfinsa ya ragu sosai, sai a koma ga wani sinadari mai suna kalshiyam kulorayid, ko a watsa yashi don taya ta samu abin kamawa. 'Yan uwanmu da suka je karatu ko aiki a can su lura: ganin an watsa gishiri ba izinin gudu ba ne, kuma gada takan riga sauran titi daskarewa. A lardin Kebek doka ta tilasta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Faransa ma tun 2021 ta wajabta su, ko ɗaukar sarƙar taya, a wasu yankunan duwatsu daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris.

Ita kuwa mota, daga ƙasa take biyan kuɗin wannan kariya. Ƙarfe na yin tsatsa ne idan ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta abin, ga shi yana jawo laima ya riƙe ta. Taya na feso ruwan gishirin cikin kowane lungu, ya kwanta a shasi, da salansa, da siraran bututun man birki da na fetur. Bututun birkin ne ya fi tayar mini da hankali, domin yakan ci daga waje a hankali har ranar da zai fashe ba tare da gargaɗi ba. Matsalar ba ta tsofaffin motoci kaɗai ba ce: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasantawar da ta kai dala biliyan 3.4 a Amurka kan shasin wasu motocin Tacoma, Tundra da Sequoia da tsatsa ta ci. Masu kula a can kan wanke ƙarƙashin mota a kai a kai, su fesa mata mai na musamman kafin sanyi ya shigo. Ba kowa ke yi ba.

Zafin ranarmu ba ya warkar da ƙarfen da ya riga ya ci. A Duwala ko Kwatano ma laimar teku ƙara masa take yi, ramukan hanya kuma su ƙarasa abin da ya rage, balle an yi wa motar lodi fiye da kima. Don haka kafin ka biya, ka je da makanikenka a ɗaga motar. Ja-ja a saman ƙarfe ba abin tsoro ba ne. Abin gudu shi ne ƙarfen da ke ɓarewa kamar ɓawon itace, ko wanda sukundireba ke hudawa. Idan ka ga sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota, ka tambayi dalili. Ka kuma nemi sanin garin da ta yi aiki, domin motar Taksas da ta Mishigan ba ɗaya ba ne ko da shekararsu ɗaya.