Akori-Kura Mai Lantarki: Saye Daban, Hawa Titi Daban

A watan Janairu na 2025 'yan sandan Manchester ta ƙasar Ingila suka tsai da wata mota akori-kura a unguwar Whitefield, suka ɗauke ta. Ba ta yi karo da kowa ba, ba kuma ta sata ba ce. Laifin shi ne direbanta mazaunin Ingila ne, amma lambarta da inshorarta na wata ƙasa ne, abin da doka ta hana. 'Yan sandan suka ƙara da cewa irin wannan mota ba ta da takardar shaidar da ke ba ta izinin hawa titin Ingila.

Sunan motar Cybertruck. Kamfanin Tesla na Amurka ne ke ƙera ta a Jihar Texas, ya kuwa fara miƙa ta ga masu saye ran 30 ga Nuwamba, 1983 da shekara arba'in, watau 2023. Ba ta shan fetur, batir ake caja mata. Jikinta na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, nauyinta kuma ya kai kamar tan 3 tun ba a ɗora mata kaya ba.

To, me ya sa motar da ke yawo a Amurka ba wanda ya ce mata kanzil ta zama haramiya a Turai? Dalili shi ne kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Amurka kamfani ne da kansa ke shaida cewa motarsa ta cika ƙa'ida, hukuma ta bi baya da bincike. A Turai kuwa sai hukuma ta gwada samfurin mota ta amince kafin a sayar da ita. Cikin abubuwan da suke dubawa har da abin da zai sami mai tafiya a ƙasa in mota ta buge shi, saboda haka suke son gaban mota ya zama mai lanƙwasa, ba mai kaifi ba. Ita kuwa wannan mota gefunanta kamar an yanka da wuƙa. Hatta fitilar sigina ta baya, Amurka ta yarda da ja, Turai ta ce sai mai ruwan goro.

Kada mai karatu ya zaci Amurka ƙofarta a buɗe take. Tun 1964 ta ɗora kuɗin fito na kashi 25 cikin 100 a kan akori-kurar da aka ƙera a waje. Wata doka ta 1988 kuma ta sa ba a shigar da motar da ba ta cika ƙa'idar ƙasar ba don hawa titi, sai in an gyara ta ko ta shekara 25 da ƙerawa. A 2024 aka ɗaga fiton motocin lantarki na ƙasar Sin zuwa kashi 100 cikin 100. Don haka wanda ya sayo ƙaramar akori-kura mai araha daga Sin, sau da yawa iyakarta gona ko bayan gida.

Wannan labari ya shafi mutanen Arewa da ke zaune a Ikko, musamman dillalan motoci da masu fatauci da ke mu'amala da tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, mai ɗaukar kaya ya soma sha'awar motar da ba ta zuwa gidan mai. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa motocin lantarki cikin kayan da aka yafe wa harajin VAT. Amma yafe haraji ɗaya bai soke sauran dokoki ba.

Abu na farko shi ne sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, kuma dokokin hanya sun hana motar da sitiyarinta ke dama. Ta Amurka da ta Sin ba su da wannan matsala, gama nasu a hagu yake. Amma wadda aka yi domin Ingila, ko Japan, ko Thailand, ko Afirka ta Kudu, sitiyarinta a dama yake, kome kyanta kuwa.

Na biyu hanyar shigowa. A watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Wanda dillali ya ce masa zai biyo masa da ita ta Kwatano, sai ya je ofishin kwastan ya ji inda doka ta tsaya kafin ya ba da ko kwabo.

Na uku takardu. A 2022 kwastan suka fara ƙimanta fito bisa lambar cesis, don haka rage kuɗin mota a rasit ba dabara ba ce. Takardar biyan fito ita ce uwa: da ita ake neman lamba, in kuwa babu ita ana iya ƙwace mota a kan hanya ko da ta shekara a hannun mai ita. Bayan wannan ga inshora, ga takardar lafiyar mota, ga lasin direba.

Akwai kuma abin da ba doka ba ne amma yana iya mai da mota kwanto. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya 230, bakin caja na Amurka da na Turai da na Sin kuma kowanne daban yake.

Saboda haka wanda ya yi niyya, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya nemi lambar cesis, ya tabbatar da gefen sitiyari da irin cajar, ya sami wakilin fito mai lasin ya lissafa masa kuɗi a rubuce, sa'an nan ya biya. Motar da ta maƙale a tasha kullum kuɗin ajiya take ci, ba ta kuwa kawo wa mai ita ko sisi.