Saukar Baƙon Ɓeran Masar a Gidan da Ke da Dabbobi

A ƙasar Tsiga ta Ƙaramar Hukumar Bakori, da sauran garuruwan noma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, inda da wuya gida ya rasa akuya a turke, da kaji a akurki, da kyanwa mai gadin rumbu, yara da samari suna da sha'awar kiwon ƙananan dabbobi irin su zomo da tantabara da ɓeran Masar. Sai dai sau da yawa yaro yakan sayo sababbi ranar kasuwa, ya zuba su nan take cikin tsofaffin gida, in an yi masa magana ya ce, "Baba, ai jinsi ɗaya ne, za su saba," alhali kuwa kafin mako ya zagayo sai a tarar da wani da yagaggen kunne, wani yana atishawa, wani kuma kyanwa ta yi awon gaba da shi.

Asalin wannan halitta, wato ɓeran Masar, daga duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonta kafin fatake su kai ta Turai a ƙarni na 16. Ɗabi'arta zaman jama'a ce, har ƙasar Siwizalan ta kafa doka a shekarar 2008 da ta hana kiwonta ita kaɗai, amma abin da ya fi shafarmu shi ne, duk da son jama'ar, ba ta karɓar baƙo sai da sannu, kuma da yake daga ƙasar sanyi ta fito, zafin da ya kai digiri 30 yana iya halaka ta.

Hikima ta farko ita ce a yi wa baƙon masauki na wucin gadi, kamar yadda ake sauke baƙo a zaure kafin ya san mutanen gida, ya yi mako biyu zuwa uku nesa da tsofaffin, domin cutar numfashi da ƙazuwa sukan ɓuya kwanaki kafin su bayyana. Tsohon akwatin katako mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 ya wadatar da guda biyu, muddin an rufe samansa da ragar waya saboda kyanwa da gafiya da shirwa, an kuma bar ƙasansa da katako, don waya tana yi wa tafin ƙafarsu rauni. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a kifa fasasshiyar tukunya mai ƙofa su riƙa fakewa, a ajiye akwatin a inuwa lokacin bazara, a kare shi daga iskar hunturu da feshin damina. Mai kiwo ya fara hidimar tsofaffi sannan baƙi, ya wanke hannu a tsakani.

Idan wa'adi ya cika ba a ga illa ba, sai a kusanto da akwatunan har su ji ƙamshin juna ta cikin raga na 'yan kwanaki, sa'an nan a haɗa su a wurin da babu wanda ya taɓa zama, a zuba ganye kashi biyu. Nan za ka ga babban yana gurnani, yana rangaji da ƙugu, yana zagaya ƙaramin, har ya hau bayansa. Wannan duka neman girma ne, kada a raba su. Amma in suka ɗaga kai suna kaɗa haƙora, suka cure wuri guda har jini ya fito, lalle a jefa musu tsumma a raba, ba da hannu tsirara ba. Maza biyu a gaban mace husuma ce tabbatacciya. Mace kuwa tana iya ɗaukar ciki tun tana 'yar wata guda, ta haihu bayan kwana 59 zuwa 72, saboda haka wajibi ne a tantance jinsi tun a kasuwa.

Zomo kuma, ko da yake ana ganinsa abokin zama, yakan ɗauki ƙwayar cutar numfashi da ba ta dame shi ba amma tana kashe ɓeran Masar, ga kuma haurinsa mai karya ƙashi. Maslaha ita ce kowa da ɗakinsa. Kyanwa da kare kuwa, komai ladabinsu, ba a ba su amanar abin da Allah ya halicce su su farauta.

Game da abinci, jikin ɓeran Masar, kamar na ɗan Adam, ba ya haɗa sinadarin bitamin C, don haka bayan ciyawa mai yawa da ke rage masa tsawon haƙora, sai a ƙara masa tattasai ko gwaiba ko kabeji kullum, a nisanta shi da albasa, kuma kada a ba shi maganin fenisilin, domin guba ne a gare shi.

Malaman fiƙihu na Malikiyya sun wajabta wa mutum ciyar da dabbar da ya mallaka, kuma hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare sananne ne a Buhari da Muslim. Don haka uban da ya yarda ɗansa ya yi kiwo, ya sa shi ya gama haɗa masauki kafin ya ba shi kuɗin saye, domin alhakin abin da aka tsare yana kan maigida.