Lambobi Tagwaye

A ƙasar Dambatta da Bichi, in kaka ta yi aka girbe gero, sai a ɗaure a ƙidaya. In dami 12 aka samu, rabo ba wuya: mutum biyu kowa 6, mutum uku kowa 4, mutum huɗu kowa 3. To, in dami 13 ne fa? Ku gwada da tsakuwa. Ko yaya kuka kasa sai an sami saura, sai fa in mutum 13 ne kowa ya ɗauki ɗaya, ko mutum guda ya kwashe duka.

Irin wannan lamba a ke kira marar rabuwa. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23. Ba a sa 1 a ciki.

Waɗansu daga cikinsu su kan zo biyu biyu kamar Hassan da Husaini, lamba ɗaya tak ce tsakaninsu. Su ne tagwaye: 11 da 13, 17 da 19, 29 da 31, 41 da 43. Ita 23 ba ta da abokin tagwaici, gama 21 tana rabuwa gida 3, 25 kuwa gida 5.

Yanzu ku dubi lambobin tsakiyar: 12, 18, 30, 42. Duk suna rabuwa gida 6! Ga dalili. Lamba ɗaya ta rabu gida 2, ta gaba ta ƙi, haka su ke tafiya. Tun da tagwayen sun ƙi, ta tsakiya ce za ta rabu. Kuma cikin kowaɗanne lambobi uku da ke jere, lalle ɗaya ta rabu gida 3. Tagwayen ba su yi, saura ta tsakiya. Abin da ya rabu gida 2 da gida 3 kuwa, ya rabu gida 6. Tagwaye 3 da 5 kaɗai suka kauce wa wannan. Amma ku yi hankali, ba kowace mai rabuwa gida 6 ke da tagwaye ba. Ku gwada 24 ku gani.

Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani malami a Iskandariya ta Masar, Yukilid, ya tabbatar lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka. Ko tagwaye ma haka ne? Har yau wannan ya gagari masana. A 2013 Yitang Zhang, mutumin Sin mai koyarwa a Amurka, ya nuna marasa rabuwa da ratarsu ba ta kai miliyan 70 ba, ba su ƙarewa. A 2014 waɗansu suka rage ratar zuwa 246. Saura a kai ta 2.

Waɗanne tagwaye ne na farko bayan 100?