Aiki daga ɗaki a Jidda, agogo kuwa na gida

'Yar Makarfi, Ikara ko Hunkuyi da aure ya kai ta Saudiyya, tana kuma yi wa wani kamfani a Najeriya aiki ta intanet, abin da zai fara ba ta wuya agogo ne. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2. Idan an buɗe ofis a Kaduna ƙarfe 8, a Jidda 10 ta yi. Lokacin tashi kuwa ya faɗa kan magariba da girkin dare. Don haka uwargida, ki gama tuwonki da miyarki da hantsi, kafin ki kunna kwamfuta.

Ranakun hutu ma sun saɓa. Can Juma'a da Asabar ake hutu, yara na makaranta daga Lahadi zuwa Alhamis. Ranar Juma'a ke kina bakin aiki, su suna gida suna ƙiriniya, kuma babu kaka ko facala da za ki miƙa wa goyo kamar a gidan gandu. Wannan rana sai kun yi shawara da maigida tun farko. Lahadi kuwa taki ce.

Sai 'yan'uwa. A wurin Inna, wadda ke zaune a ɗaki ba ta da aiki, kiran WhatsApp zai shigo ana tsakiyar taro. Kada ki ƙi ɗauka ki yi shiru, abin zai zama gori. Ki sa mata lokaci, misali ƙarfe 10 na darenki, ita 8 ke nan, ta idar da isha'i.