Takin da Ba a Saya a Kasuwa

A wani ƙauye da ke tsakanin Dambatta da Kazaure, da wuya ka ga gonar da gero ke tsaye shi kaɗai. Ruwan farko na sauka, ana shuka gero. Sai bayan an yi noman firi, ƙasa ta sha ruwa sosai, sannan a bi tsakanin layuka a zuba wake, wasu su haɗa da gyaɗa. Wannan tsarin gicci ya girme duk wani mai rai a garin. In ka tambayi dattijo dalili, amsarsa gajeriya ce: wake yana gyara ƙasa.

Gaskiya ya faɗa, kuma hujjar tana cikin saiwa. Wanda ya tuge gindin wake mai fure zai ga ƙananan ƙullutai manne da jijiyoyin, girmansu bai wuce ƙwayar dawa ba. A fasa ɗaya da farce, in cikinsa ya yi ja-ja, to ana aiki a ciki. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira Rhizobium ke zaune a nan. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, amma tsiro ba ya iya cinsa kai tsaye daga iska. Ƙwayoyin nan su ke kama shi su mayar da shi abincin shuka, wake kuma ya biya su da sukarin da ganyensa ke haɗawa. Sai a shekarun 1880 masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da haka. Buhun yuriya da ake kukan tsadarsa, mai naitirojin kashi 46, aikin nan ne dai aka yi a masana'anta da iskar gas da zafi mai tsanani.

Sai dai mutanen gari sun san abin da masu wa'azin noma kan manta. Yawancin naitirojin da wake ya tara yana cikin ƙwaya da ganye, su kuwa ba sa kwana a gona. Da kaka ake tsinke wake, a nannaɗe harawa, a ɗora ta a kan rufin soro ko reshen bishiya. Zuwa watan Maris, lokacin da ciyawa ta ƙare, damin harawa ya zama kuɗi, har wani manomin kan ce ita ta fi ƙwayar riba. Wanda ya sayar da tasa a kasuwa ya sayar da takin gonarsa ke nan. Wanda ya ciyar da tumaki da akuyoyinsa a turke, shi zai kwashe juji da bazara, ya loda wa jaki mangala ko amalanke, ya mayar wa gona rabonta. Shi ya sa gidan da ke da dabbobi ake gane gonarsa tun daga nesa.

Matasa sun fara juya gona: bana waken suya, baɗi masara ko dawa. Sun lura wuta-wuta na raguwa, domin saiwar waken suya tana sa irin wuta-wutar ya tsiro, ya rasa abin da zai kama, ya mutu. Malaman gona kan nuna musu garin NoduMax, mai ɗauke da irin ƙwayoyin bakteriyar nan, da cibiyar IITA ke yi a Ibadan, a cuɗanya shi da iri kafin shuka, su kuma ja kunne cewa ba a hana wake takin supa, don ƙullutan ba sa yin kirki in ƙasa ta rasa shi.

Akwai kuma gawo, wanda shi ma dangin wake ne. Yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, don haka ba ya yi wa gero inuwa, kuma zangarniyar da ke ƙarƙashinsa takan fi ta sauran gona cika. Shanun Fulani na yini a gindinsa suna cin 'ya'yan, suna barin kashi. Rigimar da ta fi zuwa gaban mai gari da rani ita ce ta makiyayin da ya sassare rassan gawon wani, kuma ba kasafai ake rabuwa ba sai an biya tara.