Adashe Na Tara Kuɗi, Amma Ba Ya Kare Darajarsu

Duk macen da ke zuwa cefane ta san yadda 2024 ta kasance. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wato kayan da naira dubu ɗari ta saya miki a ƙarshen 2023, sai da kika ƙara kusan dubu talatin da biyar kafin ki kwaso su a ƙarshen 2024.

Nan ne matsalar adashe take. Wadda kwasarta ta zo ƙarshe za ta karɓi adadin da ta zuba cif, amma kuɗin sun rame a hanya. Ban ce a daina ba, domin adashe na hana hannu ɓarna, kuma ya dace da kuɗin makaranta ko kayan sallah. Amma kuɗin auren 'yarki mai shekara takwas ba wurin zamansu ba ne.

Kafin a kai ga zuba jari, bari in yi magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Abin da na fi ganin yana cinye dukiyar mata shi ne rashin lafiya ta ba-zata: haihuwar da ta zama tiyata, ƙarin jini, yaro mai sikila da ciwo ya tashi cikin dare. A irin wannan lokaci ake sayar da sarƙa ko tunkiya a farashin da mai saye ya ga dama, don ya san a matse kike. Saboda haka ki fara ware abin da zai riƙe gida na wata uku, a asusun da za ki iya cira ko da tsakar dare. Tun 2024 hukumar NDIC ke ba da inshorar ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. In kina gudun kuɗin ruwa, akwai irin su Jaiz da TAJBank.

Sai abin da ya ragu ya tafi doguwar ajiya. Iyayenmu ba su yi kuskure da zinari ba. Farashinsa na bin dala, don haka in naira ta faɗi, shi tashi yake. Sai dai ranar sayarwa ba za a mayar miki da kuɗin aikin maƙeri ba, shi ya sa mara ado da yawa ya fi riba. A auna a gabanki, ki karɓi rasit da sunanki.

Akwai kuma Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda ofishin kula da basussuka, DMO, ya fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Ana shiga da naira dubu goma, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, uwar kuɗi ta dawo in wa'adi ya cika. Na farkon na shekara bakwai ne, yana biyan kashi 16.47. Gaskiya a shekara irin 2024 hakan bai kamo tsadar kaya ba, amma ya fi kuɗin da ke kwance a ƙasan akwati nesa ba kusa ba. Ni dai a ganina a raba ƙafa: wani abu a zinari, wani a Sukuk.

Wanda kuwa ya turo miki saƙo a WhatsApp cewa kuɗinki za su ninka cikin wata guda, ki tuna MMM da ya daskarar da kuɗin jama'a a Disamban 2016, da CBEX da ya rushe a Afrilun 2025. Sau da yawa 'yar'uwa ce ko ƙawa za ta kawo miki, ita ma da zuciya ɗaya, don an biya ta zagayen farko da kuɗin waɗanda suka shigo bayanta. Ki nemi cikakken sunan kamfanin, ki duba shi a shafin hukumar SEC kafin ki tura ko sisi.