Raɗar Ƙwaƙwalwa da Masu Share Mata Hanya

Batirin tocilan da ake saya a shagon unguwa yana da ƙarfin bolt 1.5. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ita ma tana aiki da lantarki, sai dai abin da ke isowa fatar kai daga gare ta bai cika wuce kashi 10 zuwa 100 cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Wato batirin nan ya ninka shi sau dubu 15 ko fiye. Mai son auna wannan ɗan motsi tamkar mutum ne da ya tsaya a tsakiyar Kasuwar Kure ta Minna da rana tsaka, yana son jin raɗar da wani ke yi a bakin ƙofar shiga. Ana iya ji, amma sai an sami wanda ya san yadda ake danne hayaniyar kasuwar. Wannan mutumin shi ne injiniya ko ma'aikacin fasaha na ɗakin bincike, wanda ba a cika ganin sunansa a saman takardun da farfesoshi ke wallafawa ba.

Fagen da ake magana a kai shi ne inda ilimin lantarki ya haɗu da ilimin jiki. Daga nan aka sami na'urar EEG mai zana motsin ƙwaƙwalwa, wadda likitan Jamus Hans Berger ya fara gwadawa a kan mutum a 1924, da na'urar ECG ta zuciya, da ƙaramar na'urar da ake dasa wa kurame a cikin kunne, da siraran wayoyin da ake sa wa masu cutar Parkinson a ƙwaƙwalwa don rage karkarwa. A watan Janairun 2024 kamfanin Neuralink na Amurka ya dasa wa mutum na farko na'urarsa a ƙwaƙwalwa, labarin ya zagaye duniya. Amma mu a nan abin da ya fi shafarmu ya fi wannan kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwar idan an gano ciwon an ba da magani daidai. EEG na cikin abubuwan da likita ke dogara da su wajen ganewa. Yaron da aka daɗe ana yi wa turaren aljanu, wani lokaci gwajin da bai kai awa ɗaya ba zai nuna inda matsalar take.

To, mene ne aikin injiniyan? Babban abokin gabarsa wutar da ke cikin bangon ɗakin ce. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a kowace daƙiƙa, jikin mutum kuwa yana kama wannan kaɗawa kamar eriyar rediyo. Idan ba a yi hattara ba, abin da zai fito a allon kwamfuta ba ƙwaƙwalwa ba ce, fanka ce da firji da cajar waya. Saboda haka shi ne zai tsara yadda wayoyi za su bi, ya rufe su da abin da zai kare su, ya duba ƙarfen da aka binne a ƙasa don tsotse ɓatacciyar wuta. A nan ne yanayinmu ke shigowa. Da rani ƙasa ta bushe ƙaƙas, ƙarfen ba ya aiki kamar da damina, shi ya sa masu haɗa wuta ke zuba gawayi da gishiri a ramin. Da hunturu fata ta bushe, ƙananan faya-fayan da ake manna wa mutum a kai ba sa kamawa sai an goge wurin an shafa man da ke bari lantarki ya wuce, ga ƙura na shiga kowace kafa ta na'ura. Ga kuma sauyawa daga wutar gari zuwa janareto, wanda zai iya lalata aikin yini ɗaya, ko ya ƙona na'urar baki ɗaya. Littafin da ya zo cikin kwali daga Turai bai san da hunturu ba.

Akwai kuma maganar rai. Na'urar da aka manna a jikin mutum dole a raba ta da wutar bango ta yadda ko wani abu ya lalace wuta ba za ta bi ta jikinsa ba. Ɗalibin da ya haɗa na'urar auna bugun zuciya don aikinsa na shekarar ƙarshe, ya jona ta da soket ya manna wa abokinsa, bai san da me yake wasa ba. Ma'aikacin ɗakin ne zai ce masa ya tsaya, ya koma batir.

Wanda ke ganin wannan aikin ɗan aike ne ya ji labarin Earl Bakken. Injiniyan lantarki ne a birnin Minneapolis na Amurka, ya buɗe shagon gyaran kayan asibiti a gareji a 1949. A ranar 31 ga Oktoban 1957 aka ɗauke wuta a birnin, alhali na'urorin da ke daidaita bugun zuciyar yaran da aka yi wa tiyata duk a bango suke jone. Likitan tiyata Walton Lillehei ya roƙe shi ya nemo mafita, cikin makonni kaɗan Bakken ya ƙera wadda ke aiki da batir, mara lafiya na iya rataye ta. Shagon nan shi ne ya zama kamfanin Medtronic. Ɗauke wuta ɗaya ke nan. Mu da muke ganin ta kullum, duk da cewa madatsun ruwa masu samar da wuta na Kainji da Shiroro da Zungeru a jiharmu suke, ai mun fi mutanen Minneapolis dalili.

Kuma Minna ba hannu rabbana take ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, tana da harabobi a Bosso da Gidan Kwano, tana koyar da injiniyan lantarki da na kwamfuta da na sadarwa. A garin nan kuma akwai cibiyar SEDI ta hukumar NASENI, wadda aikinta shi ne ƙera kayan kimiyya. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Bida tana yaye masu aikin hannu tun shekaru da dama. Asibitoci na nan, marasa lafiya na nan. A Damaturu, cibiyar BioRTC da Dokta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe a 2021 ta nuna cewa binciken ƙwaƙwalwa na iya kafuwa a Arewa.

Abin da nake gani ya rage mana shi ne ɗabi'ar kashe kuɗi. Sayen na'ura yana da daɗi: akwai kwangila, akwai yanke zare, akwai hoto. Horar da wanda zai riƙe ta shekara goma ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa a jami'o'i da asibitocin ƙasar nan ba abin mamaki ba ne ka ga na'ura mai tsada an lulluɓe ta da leda, fis ɗaya ne ya ƙone ko wata igiya ta tsinke, ana jiran wani ya zo daga Legas ko daga waje. Ma'aikatan fasahar jami'o'i, da ƙungiyarsu ta NAAT, sun daɗe suna kuka a kan kayan aiki da horo.

Kirana ga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da shugabannin jami'o'i shi ne, duk na'urar da za a saya a rubuta kuɗin horar da aƙalla mutum biyu da na kayan gyaranta a cikin kasafin tun farko, a kuma sa sunan ma'aikacin fasaha a takardar bincike idan hannunsa na ciki. Iyaye kuma, yaronku da ya addabe ku da kwance rediyo da liƙa waya da dalma, kada ku kore shi. Ku saya masa mitar auna wuta.